Wai wa ya aike su? Masu "goyon baya" da sunan mutanen Kebbi

Na-Gwandu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya kuma ba wasa nake ba. Su waɗannan masu fitowa gaban kyamara da manyan riguna suna cewa "mu al'ummar jihar Kebbi mun amince Tinubu ya zarce a 2027", yaushe aka tambaye mu? Jiya da dare na ji shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a rediyo wai dukkanmu mun zauna mun yanke shawara, wallahi ko taro ba a kira ba, rabon da mu zauna tun rigimar kuɗin shara. Mutum ya ce shi da iyalinsa sun bi, ba ruwana, amma ya haɗa da ni da ban ma san an yi ba? Tun watan Mayun 2025 da gwamnonin APC suka taru a Abuja suka ce ba su da ɗan takara sai shi, shikenan kowa ya samu sana'a, ƙungiyar matasa kaza, ƙungiyar mata kaza, wasu ma ranar aka haife su.

Ɗan Jagaba Argungu: Wa alaikumus salam. Yaya Na-Gwandu ai shugaba shi ke magana da yawun mabiya, in ba ku son maganarsa ku sauke shi mana. Kuma ciwon me kake ji, ba kai ka yi Atiku a 2023 ba? An kayar da ku ku yi haƙuri 😂

Na-Gwandu: An kayar da mu a Najeriya, ba a Kebbi ba. Je ka duba. Atiku 285,175, Tinubu 248,088, alhali gwamna na APC ne a lokacin, Bagudu ma shi ne shugaban gwamnonin APC gaba ɗaya. Duk wani mai rawani da mai babbar riga ya ɗaga hannun Tinubu, talaka ya shiga rumfa ya yi abin da ransa ke so.

Baba Tsoho Jega: Yaro ka hwaɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. Mu nan Kabi ta tsakiya ba shugaban ƙasa kaɗai munka yi ba, gwamna mai ci munka kayar, Bagudu ya nemi sanata munka ba Aliero. Kabi ta arewa sunka ba Dokta Yahaya Abdullahi, ta kudu sunka ba Maidoki sunka aje Bala Na'Allah gida. Kujeru uku duka PDP. To ina suke yanzu? Watan Mayu na 2025 su ukun sunka tattara sunka koma APC rana guda, sunka tai Villa anka yi hoto. Ni da tsuhwana na tsaya layi tun hantsi har la'asar, ga ba kuɗi hannun kowa lokacin canjin kuɗi, ko na ruwan leda babu, don in ƙi jam'iyya guda, sai ga ƙuri'ata ta tashi da ƙahwahunta ta koma inda na ƙi. Wanga abu shi ka ci min rai, ba na rediyo ba.

Ɗan Jagaba Argungu: Baba ranka ya daɗe, da girmanka, ai ba lema kuka zaɓa ba, Aliero kuka zaɓa. Mutumin da ya yi gwamna 1999 zuwa 2007 a ANPP, ya koma PDP har ya yi ministan Abuja zamanin 'Yar'aduwa, ya dawo APC, 2022 ya fita da aka yi rigimar tikiti, yanzu ya dawo gida. Duk inda ya je kuna binsa. Yau ne za ku ce ba ku san halin tafiyar ba?

Baba Tsoho Jega: Ɗana ban musa ba, akwai masu binshi ko rijiya ya shiga. Ni dai ba shi ni bi ba wannan karon, hushi ni yi.

Ɗalibin Lauya: Bari in ɗan sa baki Baba. Abin da kake ƙorafi a kai tsarin mulki ya san da shi. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya ƙare, kujerar ta faɗi, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. To wannan "sai fa" ɗin ita ce ƙofar da kowa ke bi, kowa ya tashi sauya sheƙa sai ya rubuta wasiƙa ya ce PDP na cikin rikici, kuma gaskiya tana ciki, tun G5, gwamnoninta biyar na su Wike da suka bijire wa Atiku a zaɓen 2023, ba ta sake zama lafiya ba. Sannan wanda zai bayyana cewa kujerar ta faɗi shi ne shugaban majalisa, shi kuwa ɗan jam'iyyar da aka koma ne, kun ga ai zance ya ƙare. Gwamna ma ko wannan sharaɗin babu a kansa.

Hajiya Mai Atamfa: To kiranye fa ɗana? Na ji ana cewa ana iya dawo da su gida

Ɗalibin Lauya: Ana iyawa a takarda Hajiya. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, sannan INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada wa Sanata Dino Melaye a 2018 ya watse, an gwada wa Sanata Natasha a 2025 INEC ta ce sa hannun bai kai ba. A ƙasar da mutum miliyan 93 suka yi rajista amma kusan kashi 27 cikin ɗari kawai suka fito a 2023, ina za ka tara rabi?

Hajiya Mai Atamfa: Tabɗi. Ashe dai sai haƙuri.

Ɗan Jagaba Argungu: Ku dai kuna ta kuka amma ba wanda ya faɗi abin da aka samu. Ni zan faɗa. Titin Sakkwato zuwa Badagry da ake maganarsa tun zamanin Shagari, wa ya fara shi? Kuma Kebbi ce ke da kaso mai tsoka a ciki, ku je wajen Gulumbe ku ga motocin aiki da idonku ba labari ba. Ministan kasafi ɗan Kebbi ne. Bashin karatu na NELFUND ƙanena yana karatu a Aliero ya samu, da yanzu yana gida. An kafa hukumar raya arewa maso yamma. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70, gwamnanmu Nasir Idris Kauran Gwandu ma ya ce shi 75 zai biya. Kuɗin da ke shigowa jihohi ya ƙaru sosai tunda aka cire tallafin mai shi ya sa kuke ganin tituna cikin Birnin Kebbi. Sanatocin nan lissafi suka yi, zama a adawa shekara huɗu me zai kawo wa mazaɓa? Kuma kar ku manta mutanen da suka ba Atiku a Fabrairu su ne suka juyo suka ba Kaura gwamna a kan Janar Bande na PDP.

Malam Ticha: Maganar albashi kar ka ja ta da nisa ƙanena, mu ke karɓa. An ƙara, ba mu musa ba, kuma Kaura namu ne, shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ya yi, ya san ciwonmu. Amma ranar 29 ga Mayu 2023 da mutumin ku ya ce tallafi ya tafi, litar mai ba ta kai naira 200 ba, kafin sati ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Mashin ɗina da nake cika tanki da canjin aljihu yanzu lita guda nake sawa ina kashe shi a gangara. Kuma abin da ka faɗa na ƙarshe ai hujjar Na-Gwandu ce ba taka ba, mutanen Kebbi sun iya raba ƙuri'a, su ba wannan a sama su ba wancan a ƙasa. Ko maƙwabtanmu Zamfara haka suka yi ta ɗaya gefen, suka ba Tinubu a Fabrairu, bayan sati uku suka kayar da Matawalle suka ɗora Dauda. Don haka wanda ya ce ya riƙe ƙuri'ar jiha a aljihu zai kai Abuja, yaudarar mai gidan yake.

Manomin Suru: Ni ku bar ni da titi. Titi za ni ci? Ku zo fadama ku gani. Nan Birnin Kebbi Buhari Allah ya jiƙanshi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a 2015, anka ce mu noma abin da za mu ci, munka shiga da ƙarfinmu, har Legas anka yi Lake Rice da shinkafarmu, kamfanoni sunka buɗe Argungu da Birnin Kebbi. Yanzu fa? 2024 anka ɗage harajin shigo da abinci daga waje, shinkafa ta karye, amma taki bai karye ba, man da za ka zuba ma injin ban ruwa bai karye ba, maganin feshi bai karye ba. Bana sai da na saida buhu biyu na ɗanyar shinkafa kafin in ɗauki buhun yuriya guda. Maƙwabcin gonata ya naɗe tiyo ɗinshi ya jingine injin cikin zaure kaji na kwana bisa, ya ce noman rani ya yafe. Sannan wani da ko lauje bai iya riƙewa ba ya sa hula ya ce manoman Kebbi sun goyi baya. Waɗanne manoma?

Hajiya Mai Atamfa: Kawu ka yi haƙuri amma mu na gari da muke awo mun ɗan ji sauƙi fa, kwanon shinkafa da masara ya sauko ba kamar 2024 ba da har yara suka fita zanga-zanga a watan Agusta. Ba wai ina kare su ba ne.

Manomin Suru: Hajiya sauƙin nan daga jikina anka yanko shi. Baɗi in ba mu noma ba sai ki gaya min.

Ɗan Jagaba Argungu: To kun gani. Abinci ya yi tsada ku zagi Tinubu, ya sauko ku zagi Tinubu 🤷🏾‍♂️

Abu Sumayya: Ni duk ba 'yan siyasa ke ba ni haushi ba, su sana'arsu ke nan. Malamai ne. A 2023 a kan mumbari aka riƙa gaya mana Muslim-Muslim, wato Tinubu musulmi da mataimaki musulmi, jihadi ne, wanda bai yi ba kamar ya juya wa addini baya, alhali shi ma Atikun musulmi ne, Kwankwaso musulmi ne. Na yi Tinubu saboda maganar malamina, har gaba na yi da abokina na ƙuruciya a kan haka. Da wahala ta zo sai aka koma ce mana mu yi haƙuri mu gyara tsakaninmu da Allah, zanga-zanga haramun ce. Yanzu kuma na ga an fara shafa mana mai a leɓe a hankali a hankali, ana cewa a duba alheri. Wallahi duk malamin da ya sake ɗaga hannun wani a masallacinmu tashi zan yi in canza masallaci.

Admin: Jama'a a kiyaye harshe a kan malamai, ba a kama suna a zauren nan. Wanda ya saka hoton wani malami na goge.

Baba Tsoho Jega: Abu Sumayya sannu. Amma ba duka malamai ba, akwai waɗanda sunka ce su ba ruwansu, a zaɓi mai amana, ba su yi suna ba don ba a ɗaukar su bidiyo. Kuma malami ɗan ƙasa na, yana da ƙuri'a tai. Abin da ban yarda da shi ba ya ce Allah ya ce.

Abu Sumayya: Haka ne Baba, na karɓa. Shi ɗin nake nufi.

'Yar Zuru: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Ku kuna maganar taki da mai, mu a ƙasar Zuru maganar rai muke. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da asuba aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka kwashe yara 25, gwamna da bakinsa ya fito yana tambaya wa ya ba da umarnin janye sojoji kafin harin. Alhamdulillahi yaran sun dawo, amma na Birnin Yauri fa na 2021, wasunsu sai da suka kusa shekara biyu a daji. Danko/Wasagu da Sakaba ƙauyuka nawa ne suka tashi, 'yan gudun hijira cike da gari, gwaggona da ke da rumbu uku yanzu ɗaki guda take haya tana wankau. Kuma mu nan gida ɗaya za ka samu musulmi da kirista uwa ɗaya uba ɗaya, wannan Muslim-Muslim ɗin ba ƙaramar ɓaraka ya kawo mana ba, 'yan bindiga kuwa ba su tambayar addininka. Mun ba Maidoki don mun gaji, ya koma can, to Allah ya sa komawar ta kawo sojoji, in ta kawo ni mai yafewa ce. In ba ta kawo ba kar wanda ya zo mana da atamfa.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙanwata ni dai tawa ta sayarwa ce 😅 Allah ya kawo muku sauƙi, wallahi abin da ciwo.

Malam Ticha: Amin. Mu ma arewa ga Lakurawa, a Mera ta Augie sun kashe mutum 15 a Nuwamban 2024, a bakin Argungu fa, Ɗan Jagaba ai ka fi ni sani.

Ɗan Jagaba Argungu: Na sani Malam, na je gaisuwa. Anti 'Yar Zuru Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban ce an gama da tsaro ba. Amma tambaya ɗaya zan yi ku amsa tsakani da Allah: in kun ƙi Tinubu wa za ku yi? ADC ta 'yan haɗaka? Su waye a ciki? El-Rufa'i da ya yi wa Tinubu kamfen ya kai gwamnatin Buhari kotun ƙoli kan canjin kuɗi, sai da majalisa ta ƙi tantance shi minista sannan ya gano talaka na shan wahala. Abubakar Malami ya yi ministan shari'a shekara takwas, lokacin da aka kwashe yaran Yauri yana kan kujera. Amaechi, Aregbesola, duk ministocin jiya. Atiku kuma shi ma a kamfen ɗin 2023 cewa ya yi zai cire tallafin, Obi ma haka. To fushin naku ina za ku kai shi?

Na-Gwandu: Wannan tambayar taka ta fi duk abin da ka faɗa yau nauyi, ba zan ɓoye ba. Ni ma ba na rantsuwa a kan 'yan haɗaka. Amma Atiku cewa ya yi a hankali zai cire, ba rana ɗaya a filin rantsuwa ba tare da an tanadi komai ba. Kuma ko ba don kowa ba, in wanda ya gasa maka aya a hannu ya dawo ka sake ba shi, me ka koya wa na bayansa? A 2015 mun kori Jonathan, duk wanda ya zo bayan nan ya san ana iya kora. Sannan in jam'iyyarku ta yarda da kanta me ya sa aka farfasa motocin ayarin Malami cikin Birnin Kebbi a watan Satumban 2025? Ba wai ina sonsa ba, amma jifa ba hujja ba ce.

Ɗan Jagaba Argungu: Wa ya ce mu ne? Kana da shaida? APC ta ce ba hannunta. Kar ka ɗora mana.

Na-Gwandu: Ban ce kai ba ne, na ce an fasa.

Sarkin Zolaya: Ni dai na yanke shawara, ni da ƙungiyata ta masu cin bashin shayi reshen Tudun Wada mun amince da duk wanda ya fara biya wa mai shayi. Mambobi miliyan biyu. A kira 'yan jarida 😂😂

Abu Sumayya: Ni kam katin ma na jefa cikin durowa, ba zan sake tsayawa rana ba. Duk kanwar ja ce.

'Yar Zuru: A'a Malam, wannan kuma ban bi ka ba. Rashin fitowar taka ita suke so. In rumfa mai mutum 700 mutum 150 suka fito, sayen 80 ba wuya, taliya da sabulu da 'yar dubu biyu sun isa. In 500 suka fito kuɗin wa zai kai? Ni na yi aikin ejan a 2023, da idona na ga matan da suka karɓi taliyar wani ɓangare suka ɓoye cikin hijabi suka shiga suka dangwala wa ɗaya ɓangaren, wata tsohuwa har tana ce min ɗiyata kayanmu ne suka dawo mana da shi. Da aka ƙirga, mai rabon taliyar zama ya yi a ƙasa ya cire hula yana fifita da ita, yana ta kiran waya ba a ɗauka.

Baba Tsoho Jega: Ɗiyata kin burge ni. Amma ki ƙara da cewa a tsaya har a ƙirga a manna sakamako ga bango a ɗauki hoto, don 2023 na'ura ta tantance mu lahiya lau, wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa ga intanet anka ce ta samu matsala.

Ɗalibin Lauya: Kuma kotun ƙoli a watan Oktoban 2023 ta ce rashin ɗorawar bai isa ya soke zaɓe ba, don dokar zaɓe ta 2022 ba ta wajabta ba. Shi ya sa takardar da ejan ya sa wa hannu a rumfa ita ce abin riƙewa.

Ɗan Jagaba Argungu: Ku fito ɗin, mu ma fitowa za mu yi, a ƙirga a gani. Amma ku fara sasanta Atiku da Obi tukuna wa zai bi bayan wa, don a 2023 da sun haɗu miliyan 6.9 da miliyan 6.1 ai sun wuce miliyan 8.7 ɗinmu nesa, son kai ya hana. Har Obasanjo ya rubuta doguwar wasiƙa ranar sabuwar shekara ya ɗaga hannun Obi, a rumfarsa ta Abeokuta ma Tinubu ne ya ci.

Malam Ticha: Au, ashe ka yarda ɗaga hannu ba ya kawo ƙuri'a 😄

Ɗan Jagaba Argungu: Na Obasanjo na ce Malam, ban ce na kowa ba

Manomin Suru: Ni duk wanda zai zo, APC ko ADC ko ma mi ne, kar ya aiko min shugaban ƙungiya. Ya zo Suru da kanshi lokacin shuka ya hwaɗi nawa zai saida min taki, kuma mi zai yi da iyaka. Tun rikicin Nijar na 2023 da anka kulle Kamba 'yan uwanmu na Dandi ba su koma daidai ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗalibin Lauya tambaya, ɗiyata ta cika 18 bana, kuma ni katina na can Yauri tun kafin mu dawo Birnin Kebbi, ana iya maido shi nan ko sai na koma can ranar zaɓe?

Ɗalibin Lauya: Ana iyawa Hajiya, canjin rumfa ake cewa. Ki je ofishin INEC na ƙaramar hukuma da katin naki lokacin da rajista ke buɗe, ko a fara cikewa ta waya. Ita kuma ɗiyar taki dole ta je da kanta a ɗauki hotonta da yatsunta, kuma kar ki bari a sake miki sabuwar rajista, rajista biyu laifi ne, suna gogewa.

Abu Sumayya: Wanda katinsa ya karye fa? Nawa ya tsage ta gefen hoto

Sarkin Zolaya: Kai ba ka ce ka jefa durowa ba? 😂

Abu Sumayya: Tambaya kawai na yi malam

Admin: An kira magariba a nan. Ɗan Jagaba da Na-Gwandu na ga kun koma faɗa ta bayan fage kuna turo min hoton saƙonninku, don Allah ku daina, ni ba alƙali ba ne.